Asirin Maƙwabci a Aljihunka

A watan Yuni na 2023 Babban Bankin Gana ya fitar da sunayen manhajoji 97 masu ba da bashi ta waya ba tare da izini ba. Wata guda bayan haka, jami'an hukumar EOCO mai yaƙi da zambar kuɗi suka kai samame a birnin Accra, wanda tsofaffin fatake suke kira Ankara, suka kama mutum fiye da 400, har da waɗansu baƙi daga ƙasashen waje. Mutanen Nima da Maamobi da Kanda ba su bukatar a bayyana musu yadda wannan sana'a take tafiya. Mutum yakan ci bashin sidi kaɗan domin kuɗin makaranta ko na magani. Kafin a ba shi, sai manhajar ta nemi izinin duba lambobin da ke cikin wayarsa da hotunansa, shi kuwa ya danna alamar yarda ba tare da ya karanta ba. Ran da ya makara da biya, saƙon cin mutunci yakan isa wurin surukinsa, da fastonsa, da maigidansa a wurin aiki. Waɗannan mutane ba su ci bashin kowa ba, ba kuma wanda ya tambaye su, amma an riga an jinginar da sunayensu.

Wannan ƙaramin al'amari yana ɗauke da tambayar da manyan ƙasashe suke ta gardama a kai. Wane ne yake da iko a kan abin da waya ta sani game da mutum? Kamfanin da ya ƙera manhajar ne, ko gwamnatin ƙasar da kamfanin ya fito, ko gwamnatin ƙasar mai wayar, ko kuwa mai wayar da kansa?

Manyan ƙasashe sun ɗauki maganar a kan ta tsaro ce. A watan Yuni na 2020 Indiya ta hana TikTok da waɗansu manhajoji 58 na kamfanonin Sin. A Afrilu 2024 Amurka ta kafa doka cewa kamfanin ByteDance ya sayar da TikTok ko a rufe shi a ƙasar, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da dokar a Janairu 2025. Tsoronsu yana da tushe, gama dokar leƙen asiri ta Sin ta 2017 ta wajabta wa kamfanoni da 'yan ƙasa su taimaki hukumomin leƙen asiri. Amma mai gaskiya ba zai tsaya nan ba. A 2013 Edward Snowden ya tona yadda hukumar tsaron Amurka take samun bayanan mutane daga manyan kamfanonin intanet na ƙasarta. A 2018 aka gane cewa bayanan mutane kimanin miliyan 87 na Facebook sun faɗa hannun kamfanin Cambridge Analytica, wanda ya taɓa sa hannu a harkar zaɓen Nijeriya da na Kenya. Hukumar kare bayanai ta Ayalan ta ci tarar Meta yuro biliyan 1.2 a 2023 saboda kai bayanan Turawa Amurka, sa'an nan ta ci tarar TikTok yuro miliyan 530 a 2025 saboda kai su Sin. Ga mazaunin Nima, dukansu biyu baƙi ne. WhatsApp da Facebook na Amurka ne, TikTok ya fito daga Sin, ba kuwa ɗayansu da aka gina domin amfanin Gana.

Gana ma ta ɗanɗana abin. A Maris 2020 Facebook da Twitter suka rufe asusun ƙarya da yawa waɗanda ake tafiyar da su daga Gana da Nijeriya a madadin waɗansu mutane a Rasha. An ɗauki samari da 'yan mata aiki a wani gida kusa da Accra, suna rubuce-rubuce domin su zuga fushin baƙaƙen fata na Amurka. Ashe ana iya shigar da ƙasa cikin faɗan da ba nata ba, ta hannun 'ya'yanta masu neman abinci. A 2021 kuma Twitter ya zaɓi Accra ta zama hedkwatarsa ta Afirka, aka yi murna ƙwarai. A Nuwamba 2022, kwanaki kaɗan bayan buɗe ofishin, sabon mai kamfanin, Elon Musk, ya sallami kusan dukan ma'aikatan. Baƙo raɓa ne. An yanke shawarar a nesa, ba wanda ya nemi jin ta bakin Gana.

Mai karatu yana iya cewa, to, ai magani a fili yake: a danƙa wa gwamnati mabuɗin, ita ce mai tsaron ƙasa. Akwai gaskiya a wannan. 'Yan damfara suna kwashe kuɗin talakawa ta waya, masu tayar da ƙayar baya kuma suna ɓarna a Burkina Faso, ƙetaren iyakar arewa. Saboda irin wannan ne aka kafa dokar tsaron intanet ta 2020, aka kuma soma haɗa kowane layin waya da katin ɗan ƙasa a Oktoba 2021. Hukuma wadda ba ta iya gane mai laifi ba za ta iya kare marar laifi ba.

Duk da haka mutanen zango suna da dalilin yin hattara. Tsofaffinsu ba su manta Nuwamba 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takardar zama mako biyu su bar ƙasar. Iyalai da yawa, har da waɗanda aka haifa a Gana, suka sayar da kayansu a wulakance suka tashi. Wanda ya ga wannan ya san cewa jerin sunaye yana iya zama alheri yau, gobe ya zama bulala, gwargwadon hannun da ya riƙe shi. A lokacin annobar korona, a 2020, shugaban ƙasa Akufo-Addo ya sa hannu a umarni mai lamba 63, wanda ya bukaci kamfanonin waya su miƙa bayanan masu layi. Wani lauya ya kai ƙara, a Yuli 2021 kuwa Babbar Kotu a Accra ta yanke cewa an keta haƙƙin sirri, ta umarta a daina, a kuma share abin da aka riga aka tattara. A Nijeriya gwamnati ta rufe Twitter daga Yuni 2021 zuwa Janairu 2022, jim kaɗan bayan kamfanin ya goge wani saƙon shugaba Buhari. Kalmar tsaro riga ce mai faɗi, abubuwa da yawa sukan ɓuya a ƙarƙashinta.

Amma akwai darasi cikin shari'ar nan ta 2021. An iya kai gwamnati kotu domin sashe na 18 na tsarin mulkin 1992 ya kare sirrin gida da na saƙo, dokar kare bayanai ta 2012 kuma ta kafa hukuma ta musamman. Wannan shi ne ma'aunin da ya dace. Bai isa a tambayi inda kamfani ya fito ba. Sai a tambaya, in ya ci amana, wa zai kira shi ya amsa, a gaban wa kuma? Mai riƙe da asirin mutane, baƙo ne ko ɗan gida, ya kamata ya kasance a inda hannun shari'a zai kai gare shi.

Zango ya san wannan tun kafin a ƙera waya. Falke yakan sauka a gidan mai masauki da goronsa ko shanunsa, ya bar masa kaya da kuɗi, ya gaya masa abin da bai gaya wa kowa ba. Abin da ya riƙe wannan ciniki shi ne amana, abin da ya riƙe amanar kuwa shi ne an san mai masaukin, an san ƙofarsa, akwai sarkin zango da za a kai ƙararsa. Yanzu mutane suna ajiye fiye da haka a hannun mai masaukin da ba su taɓa ganin fuskarsa ba.

Sarki Hezekiya ya karɓi jakadun Babila da murna, ya zagaya da su taskokinsa duka, bai ɓoye kome ba. Annabi Ishaya ya faɗa masa cewa za a kwashe kayan nan zuwa Babila, har da waɗansu daga zuriyarsa. Sarkin ya kwantar da ransa da yake masifar ba za ta zo a zamaninsa ba. Laifinsa ke nan: ya buɗe abin da ba nasa kaɗai ba ne, waɗansu suka biya. Wayar kowane mutum irin wannan taska ce. A ciki akwai lambar gwauruwar da ya yi wa alkawarin taimako, da hoton yaran maƙwabcinsa Musulmi, da roƙon addu'a na 'yar'uwa wadda ta ambaci ciwonta ko rikicin aurenta a zauren mata na ikkilisiya. Wanda ya ce ba shi da abin ɓoyewa ya yi magana a kan kansa kaɗai, ya manta da mutum ɗari uku da suke cikin aljihunsa.

Saboda haka nauyin ya rabu uku. Na gwamnati shi ne ta tilasta wa kamfanonin waje bin dokar ƙasa, ita ma ta bi dokar. Na shugabannin ikkilisiya da sarakunan zango shi ne su koya wa jama'a, su kuma kiyaye rajistar membobi kamar yadda suke kiyaye kuɗin baiko. Na mai waya shi ne ya dakata kafin ya danna yarda, ya hana manhajar bashi ko ta wasa ganin lambobinsa, kada kuma ya tura hoto ko labarin wani sai da izininsa. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Maƙwabcin da ya ba ka lambarsa, kai ya ba, bai ba Babila ba.