Gaskiya a Cikin Rigar Aro

A watan Agusta na 1955 wasu fararen fata suka sace Emmett Till, yaro baƙar fata ɗan shekara 14, a jihar Misisipi ta Amurka. Suka kashe shi, suka jefa gawarsa a kogi, kotu kuma ta wanke mutum biyun da aka gurfanar. Abin ya tsaya wa Rod Serling a rai. Tsohon sojan laima ne da ya yi Yaƙin Duniya na Biyu a Filifin, kuma a shekarar ce tauraronsa ya fara haskawa a rubutun wasannin talabijin. Ya zauna ya rubuta wasa a kan kisan.

Sai dai a wancan zamani kamfanin da ya ɗauki nauyin shiri shi ke da wuƙa da nama. Kafin a nuna wasan a 1956 an yi masa fiɗa: an ɗauke labarin daga kudancin ƙasar an kai shi arewa maso gabas, wanda aka kashe kuma ya koma wani baƙo daga ƙetare. Serling ya sake gwadawa a 1958, aka tura labarin can baya zuwa shekarun 1870, mamacin ya zama ɗan Meziko.

Da ƙofa ta ƙi buɗuwa, sai ya bi ta taga. A 1959 ya fara The Twilight Zone a tashar CBS, shirin almara mai cike da baƙi daga sararin samaniya da abubuwan al'ajabi. Cikin kashi 156 da aka yi zuwa 1964, shi ya rubuta 92. Masu talla ba su ga abin tsoro a tatsuniya ba.

Kashin da aka nuna a watan Maris na 1960 ya isa misali. Wuta ta ɗauke a wata unguwa, motoci suka ƙi tashi. Wani yaro ya ce ai baƙin sama ne suka ɓoye a cikin jama'a. Nan take maƙwabta suka fara kallon juna. Motar wani ta tashi da kanta, aka yi masa caa. Kafin gari ya waye an bindige maƙwabci a duhu, unguwa ta hargitse. Baƙin kuwa suna can kan tudu, ba abin da suka yi illa kunna wuta da kashewa. Amurkawan da ba su daɗe da fita daga farautar 'yan gurguzu ta zamanin Sanata McCarthy ba sun san da wa ake.

To, wanda ya lulluɓe gaskiya haka, ya faɗe ta ko ya guje mata?

Masu kare shi suna da tsohuwar hujja. A Suratu Sad, masu jayayya biyu sun shigo wa Annabi Dawuda da ƙarar mai tumaki 99 da ke neman haɗiye tunkiya ɗaya ta ɗan'uwansa. Sai da ya yanke hukunci ya gane jarrabawa ce gare shi, ya nemi gafara. Haka a littafin Kalila wa Dimna, da bakin diloli da zaki ake yi wa sarki nasiha. Mutum yakan toshe kunne idan an kira sunansa, amma yana da saurin hukunta wani, kuma ta nan misali ke kama shi.

Duk da haka, habaici yana da farashi. Wanda ba ya son ya gane sai ya ce wasa ne, ya kashe akwatinsa ya kwanta. Mahaifiyar Till ta bi wata hanyar daban: ta sa aka bar akwatin gawar ɗanta a buɗe a Shikago, mujallar Jet ta buga hoton, kuma hoton nan ya girgiza ƙasar fiye da kowane wasa. Ita ta kama suna. Serling, a wasanninsa biyu, an hana shi.

Ya rasu a watan Yuni na 1975 yana da shekara 50, da lambar yabo ta Emmy guda shida. Dokar tarayya da ta haramta irin wannan kisan gilla, mai ɗauke da sunan Emmett Till, sai a watan Maris na 2022 aka sa mata hannu.