Zakin Jikin Mota da Zakin Dawa

Ran nan na raka wani ƙanena tasha zai koma gida bayan hutu. Muna zaune a benci muna jiran mota ta cika, sai ga wata babbar mota mai bodin katako ta zo ta tsaya a gabanmu. A ƙyauren bayanta an zana zaki, ya wage baki, geza ta miƙe, ya danne wata barewa. Yaron ya daɗe yana kallo, can sai ya juyo ya ce, "Yaya, wai shin akwai zaki da gaske, ko kuwa shi ma irin dodon tatsuniya ne?" Na yi dariya, na ce akwai shi mana. Ya ce, "Ka taɓa ganinsa a daji?" Nan fa bakina ya mutu, don ban taɓa ba, ban kuma san wani tsarana da ya taɓa ba.

Tun daga ranar tambayar nan ta hana ni sakat. Ga mu dai mutanen da ba mu rabuwa da namun daji a baka da a ido. In za a gai da sarki a ce Zaki, in za a zuga jarumi a ce toron giwa, mai wuyar hali kuwa damisa ƙi sabo. Suna jikin motocinmu, da rigunan 'yan ƙwallo, da kwalayen kayan sayarwa. Amma a dawa, inda Allah ya ajiye su, sai ƙarewa su ke yi. Don haka na ga ya kamata in kawo maganar gaban 'yan'uwa ɗalibai da malamanmu: shin wanda ya ɗauki surar naman daji ya yi ado da ita, ko ya ci abinci da ita, akwai wani hakki na dabbar nan a wuyansa, ko kuwa babu?

Kafin wani ya tare ni, hukuncin zana abu mai rai magana ce ta malaman fiƙihu, kuma su na bar wa ita. Abin da ba a musu shi ne an yi zanen tun fil'azal, ana kuma kan yi. Mu Hausawa ma da ba mu cika zanawa da hannu ba mun zana da harshe, a kirari da tatsuniya da karin magana. Saboda haka tambayar ta shafe mu duka.

Bari mu koma baya mu ga yadda na da suka kalli dabba. A shekarar 1940 wasu samari huɗu suka faɗa wa wani kogo da a ke kira Lasko a kudu maso yammacin Faransa. Suka tarar da bangonsa cike da zanen dawaki da bareyi da manyan bijimai na daji, ɗaya ma tsawonsa ya kai mita biyar. Masana sun ƙiyasta zanen ya yi shekara 17,000. Wani abin lura shi ne ƙasusuwan da aka tono a wurin sun nuna naman da mutanen suka fi ci na wata barewar ƙasar sanyi ne, amma ita da kyar za a same ta a bangon. Ashe ba abin da ke shiga tukunya kaɗai su ke zanawa ba, akwai abin da ya cika musu ido da zuciya. Shi kuwa bijimin dajin nan, wanda shi ne kakan shanun gida, ta ƙarshe a cikin irinsa ta mutu a ƙasar Folan a 1627. Hotonsa yana nan, har ma an rufe kogon a 1963 don kada numfashin masu kallo ya lalata shi.

Ba sai mun tsallaka teku ba ma. A arewacin Agadas, kan hanyar Arlit, akwai wani wuri da a ke kira Dabus, inda aka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse. Babban ya wuce mita biyar, an fitar da kowane tabo na jikinsa dalla-dalla, kuma an ƙiyasta aikin ya yi shekara 6,000 zuwa 8,000, watau tun Sahara tana da ruwa da ciyawa. Daga bakin kowane raƙumin an ja wani zare ya sauko ƙasa, ya ƙare a jikin wani ɗan mitsitsin mutum. Masana sun saɓa a kan ma'anar zaren. Ni dai abin da na ke gani shi ne mai sassaƙar ya san girman kowa: ya ba dabbar dutse guda, ya ajiye ɗan'uwansa mutum a gindin ƙafarta, sa'an nan ya haɗa su da igiya ɗaya.

Da sarauta ta kafu, sai ma'aunin ya juye. A birnin Ninawa, kusa da Mausil ta ƙasar Iraƙi, sarki Ashurbanifal ya sa aka sassaƙa farautar zakokinsa a bangon fada, wajen shekara 645 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam. Allunan suna gidan tarihi na Landan yanzu. Wanda ya duba da kyau zai ga ba farautar daji ba ce: ga bara nan yana buɗe ƙofar keji, zaki yana fitowa, sarki yana jiransa a kan keken doki da baka da mashi. Zakin ya zama tsani da sarki ke hawa don a ga tsawonsa. Duk da haka akwai wata zakanya a allunan, kibau sun huda ta, tana jan ƙafafun baya da suka mutu, kai a sama tana ruri. Wanda ya sassaƙa ta an sa shi ya yabi sarki ne, amma duk mai kallo tausayin zakanyar ya ke ji. Zakoki sun ƙare a Iraƙi tun farkon ƙarni na 20.

A Nijeriya, fadar Oba na Benin tana da damisa biyu na hauren giwa, da tabban jan ƙarfe a jikinsu, waɗanda sojan Ingila suka kwashe a 1897 aka kai wa Sarauniya Biktoriya. Kowace damisa da haure biyar aka haɗa ta. Ku lissafa: haure goma, watau na giwa biyar aƙalla, don a nuna ikon mutum ɗaya da surar wata dabba dabam. Haka kuma a Amurka, wani gwanin zane mai suna Odubon ya fitar da hotunan tsuntsayen ƙasar har 435 tsakanin 1827 da 1838. Yadda ya ke yi shi ne ya harbo tsuntsu, ya ɗaure shi da waya ya tsayar kamar mai rai, sa'an nan ya zana. Cikin waɗanda ya zana akwai wata tantabarar daji da garkenta kan rufe rana in ya taso. Ta ƙarshenta ta mutu a gidan namun daji a 1914. A 2010 kuwa aka sayar da kofi ɗaya na littafin nan a Landan a kan fam miliyan bakwai da ɗoriya.

To, a nan wani zai ce, "Malam, ka ɗora wa mai zane laifin da ba nasa ba." Yana da gaskiyarsa, kuma dole in ba shi. Ba harsashin Odubon ya ƙarar da tantabarar nan ba, maharban kasuwa ne da masu sare daji. Hasali ma wani lokaci hoto shi ne shaidar da ta rage. Akwai wani tsuntsu na tsibirin Morishas da Turawa ke kira dodo, wanda ya ɓace daga duniya a ƙarni na 17. Ɗaya daga cikin hotunansa da aka fi yarda da su ana danganta shi ga Ustaz Mansur, mai zanen fadar sarki Jahangir na Indiya. Ba don irin wannan aikin ba, da tsuntsun ya koma daidai da dodonmu na tatsuniya. Kuma ba wanda zai musa cewa hoto kan sa mutum ya so dabbar da bai taɓa gani ba, har ya ba da kuɗinsa don a kare ta.

Amma ga inda gizo ke saƙa a zamaninmu. A da hoto ɗaya ne, dabba dubu. Yau abin ya juye. A 2018 wasu masana ƙarƙashin wani Bafaranshe mai suna Kurshan suka buga wani bincike, inda suka sa mutane a Faransa su riƙa ƙidaya namun dajin da su ke gani a talla da talabijin da kayan wasan yara da sauransu. Sai aka tarar mutum ɗaya yana ganin sama da zaki huɗu kowace rana, watau fiye da 1,500 a shekara. Alhali ƙidayar da aka buga a 2014 ta ƙiyasta zakokin da suka rage a duk Afirka ta Yamma kamar 400 ne, na Nijeriya kuwa ba su kai 50 ba, a Yankari da Kainji. Masanan suka ce yawan ganin hoton shi ke sa mutane zaton dabbar tana nan birjik. Dubi 'yan ƙwallon Nijar, da a ke kira Mena, sunan wata barewa da ragowarta a daji 'yan ɗaruruwa ne kacal. Mutum nawa cikin masu ihun sunan a filin wasa suka san haka? Ga kuma kwamfuta yanzu tana ƙera hoton zaki cikin ƙiftawar ido ba tare da an taɓa kallon zaki ba.

Amsata ga tambayar da na fara da ita ita ce, e, akwai hakki. Wanda ya ɗauki surar zaki ya manna wa kayansa, ƙarfin zaki ya ara, da kwarjininsa, abubuwan da ba shi ya yi su ba. Aro kuwa ko na allura ne ana mayarwa. Alƙur'ani mai girma, a cikin Suratul An'am, ya sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamarmu, akwai kuma surori da ke ɗauke da sunan giwa da tururuwa da ƙudan zuma. Ba daidai ba ne a ci amfanin sunan wata al'umma ana kallo tana ƙarewa. Masu binciken can sun ba da shawarar kamfanonin da ke talla da surar dabba su riƙa ba da wani kaso don kare ta, ni kuwa ina ganin wannan biyan bashi ne, ba sadaka ba. Mai zane da mawaƙi da marubuci su ma da nasu kason, shi ne su faɗi gaskiyar halin da dabbar ke ciki, kada su bar mai kallo ya tashi da zuciya kwance.

Akwai waɗanda suka riga mu biya. Raƙuman dawan Afirka ta Yamma, jikokin irin waɗanda aka sassaƙa a Dabus, sun ragu har suka koma 49 kacal a 1996, duk a yankin Kure, kudu maso gabashin Yamai. Gwamnatin Nijar ta tsananta hana harbinsu, ƙungiyoyi suka taimaka, mutanen ƙauyukan kuma suka yarda su zauna da su. Zuwa 2018 sun haura 600, har aka ɗebi takwas aka kai dajin Gadabeji. Raƙuman nan cikin gonaki su ke yawo, suna cin waken manoma da mangwaronsu. Manomin da ya tarar an yi masa ɓarna ya haƙura bai ɗauko bindiga ba, shi ne ya riƙe zaren nan na Dabus, alhali mai yiwuwa bai taɓa ganin dutsen ba. Mu da ke nan jami'a muna nazarin kirarin zaki da na giwa, muna samun digiri da su, me muka taɓa biya?

Ƙanen nan nawa na yi masa alkawari in an yi dogon hutu zan kai shi Yankari. Ban yi masa alkawarin zai ga zaki ba, don wannan ba a hannuna ya ke ba. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar abin da ya halitta, amin.