Ka Shiga Ayari

Karatu: Maimaitawar Shari'a 16:1-17, Luka 2:41-45

 Ina rubuto maka wannan daga unguwar Zango a birnin Kwatano, ƙasar Benin. Kowane Bahaushe ya san ma'anar zango: wurin da ayarin fatake yakan sauke kaya, a huta, a kwana, gari ya waye a ci gaba da tafiya. Yawancinmu a nan baƙi ne. Wani iyayensa sun zo daga Kano, wani daga Sakkwato, wani daga Maraɗi ko Damagaram. A cikin wannan taro mai yawa, Hausawa masu bin Almasihu kaɗan ne, kuma a warwatse suke.

Wata rana wani ɗan'uwa mai tsaron shago ya ce mini, "Fasto, ni rediyo ce ikkilisiyata." Kowane dare yakan rufe shago ya kunna rediyo a hankali, ya saurari wa'azi, ya yi addu'a shi kaɗai. Na yi murna da yana jin Maganar Allah. Amma da zazzaɓi ya kwantar da shi mako biyu, maƙwabtansa Musulmi ne suka riƙa kai masa kunu, Allah ya sāka musu da alheri. A cikin masu bi ba wanda ya je, domin ba wanda ya san da shi. Abin ya dame ni ƙwarai, shi ya sa nake so mu duba yadda Allah ya shirya sujadar jama'arsa tun dā.

Allah ya umarci Isra'ilawa su hallara a gabansa sau 3 a shekara, a wurin da zai zaɓa. Na fari shi ne Idin Ƙetarewa tare da Idin Abinci Marar Yisti, a watan Abib, domin tunawa da daren da ya fisshe su daga bautar Masar. Na biyu Idin Makonni, bayan an ƙirga mako 7 daga fara girbi, domin godiya. Na uku Idin Bukkoki, daga rana ta 15 ga wata na 7, bayan an gama tattara amfanin gona. A wannan idi kowa yakan bar ɗakinsa ya zauna cikin bukkar rassan itatuwa har kwana 7, domin 'ya'yansu su sani kakanninsu a bukkoki suka zauna sa'ad da Allah ya fito da su. Ka ga, sau ɗaya a shekara dukan al'umma takan koma zaman zango.

Tafiyar tana da wuya. Daga Nazarat zuwa Urushalima ya fi kilomita 100, a ƙafa. Wanda ya bi ta Yariko kuwa, sai ya hau tudu wajen mita 1,000 kafin ya ga ganuwar birnin. Zabura 120 zuwa 134, guda 15 ke nan, ana kiransu waƙoƙin hawa, masana da yawa kuwa suna ganin matafiya ne suke rera su a hanya. Allah yana jin addu'ar manomi a gonarsa a Galili sarai. Duk da haka ya ce masa ya tashi ya tafi. Me ya sa? Bari in nuna maka abu uku.

Na ɗaya, a cikin taro ne mutum yakan tuna ko shi wane ne. Wanda ya zauna shi kaɗai a tsakiyar hidimar duniya yakan manta cewa an fanshe shi. Amma in ya tsaya cikin dubbai, yana jin ana ba da labarin Masar, yana cin abinci ɗaya da su, sai zuciyarsa ta farka. Tsintsiya ɗaya ba ta shara. Yusufu da Maryamu sukan je Idin Ƙetarewa kowace shekara. Sa'ad da Yesu yake da shekara 12, a hanyar komawa sun yi tafiyar yini guda ba su gan shi ba, hankalinsu kwance, domin suna tsammani yana cikin ayari tare da dangi da idon sani. Irin wannan amincewa sai tsakanin mutanen da suka saba tafiya tare. Kai fa, wane ayari kake ciki? In ka ɓace yau, wa zai juyo ya neme ka?

Na biyu, Allah ya san damuwar mai dukiya. Manomin Isra'ila zai ce, in na tafi wa zai tsare mini gona? A Fitowa 34:24 Ubangiji ya yi alkawari cewa ba wanda zai yi ƙyashin ƙasarsu sa'ad da suka haura zuwa idi. Ɗan kasuwar Zango ma haka yake cewa: in na rufe shago ran Lahadi, mai saye zai wuce gaba. Gaskiya ne, wataƙila ka rasa cinikin safiya ɗaya. Amma dubi maƙwabtanmu ranar Jumma'a, yadda suke barin kaya su cika babban masallacin Zango har kan titi. Shin wanda aka saya da jinin Almasihu zai kāsa ba da awa biyu? Kuɗin zem zuwa majami'a bai kai tafiyar Nazarat ba.

Na uku, idin na kowa ne. Karanta aya 11 da aya 14 na karatunmu, ka ga waɗanda aka lissafta: 'ya'ya maza da mata, barori, Lawiyawa, baƙi, marayu da gwauraye. Wannan magana taku ce, ku dattawan ikkilisiya da matan zumunta. In baƙo ya shigo, ba ya jin Faransanci ko Fon, ya zauna a bencin baya ya fita ba wanda ya tambayi sunansa, idinku bai cika ba. Ku tuna, ranar Fentikos, wato Idin Makonni, baƙi ne daga ƙasashe dabam dabam suka cika Urushalima, Ruhu Mai Tsarki kuwa ya sa kowa ya ji bishara da harshensa. Mutum wajen 3,000 aka yi wa baftisma a ranar. A tsakiyar matafiya aka haifi ikkilisiya.

Yau ba a umarce mu mu je Urushalima ba. Romawa sun rushe Haikali a shekara ta 70, Yesu kuma ya riga ya gaya wa matar Samariya cewa sujada ta gaskiya ba ta rataya ga wani dutse ko birni ba. Shi ne Ɗan Ragon Ƙetarewarmu. Amma umarnin taruwa yana nan, Ibraniyawa 10:25 ta gargaɗe mu kada mu bar shi. Rediyo za ta kawo maka wa'azi har ɗaki, muna kuwa gode wa Allah saboda haka. Sai dai rediyo ba za ta yi maka baftisma ba, ba za ta miƙa maka gurasa da ƙoƙon Jibin Ubangiji ba, ba za ta zauna a bakin gadonka ran ciwo ba. Zumunci a ƙafa yake.

Na sani akwai wanda ba shi da ikon zuwa, saboda tsufa, ko ciwo, ko tsoron danginsa. Ubangiji yana ganinka, kada ka karai. Ka rubuto mana, ko ka sanar da mai bi ko da ɗaya ne, domin in ba ka iya zuwa wurin ayari ba, ayari ya zo wurinka. Wanda yake da lafiya da 'yanci kuwa, wannan Lahadi ka tashi ka nemi majami'ar da ake wa'azin Almasihu, ka faɗa musu sunanka. Ɗan'uwan nan mai tsaron shago ya yi haka. Yanzu shi ne yake tsayawa a bakin ƙofa yana marabtar baƙi da Hausa.

Addu'a: Ya Uba, mu baƙi ne a wannan duniya. Ka gafarta mana inda muka ware kanmu. Ka ba mu ƙafar zuwa wurin 'yan'uwa, da idon ganin baƙo, har ranar da za ka tara mu duka a gabanka. Cikin sunan Yesu, amin.