Ɗakin Kallon Ƙwallo: Karamci ko Rowa?

A Amurka da Ingila akwai wata al'ada ta magidanta, inda mutum kan keɓe ɗaki guda a gidansa, galibi na ƙarƙashin ƙasa ko garejin mota, ya girka kanta da dogayen kujeru da firji da ƙatuwar talabijin, domin ya riƙa tara abokansa ranar wasa. Wato mashayar unguwa ce ya ƙanƙantar, ya shigar da ita cikin gida. Wannan al'ada ta iso wajenmu, sai dai ta sauya riga: shayi da zoɓo da tsire sun maye gurbin giya, darduma da tum-tum sun maye gurbin kanta. Batun abin sha ba shi ne ya dame mu a nan ba. Abin da muke tambaya shi ne, wanda ya gina irin wannan ɗaki, karamci ya yi ko kuwa rowa?

Tushen al'amarin dai kuɗi ne. A 1992, lokacin da aka kafa gasar Firimiya a Ingila, kamfanin Sky ya sayi izinin nuna wasanninta kai tsaye, kuma tun daga nan kallon ƙwallo ya zama haja. Da tauraron ɗan'adam ya kawo mana ita ta hanyar DStv, sai jama'a suka rabu gida biyu. Marasa hali suka nufi gidan kallo, rumfar kwano mai benci da janareto, kowa ya biya a bakin ƙofa. Masu hali kuwa suka ja abinsu cikin gida. Manya a cikinmu sun tuna 1996, lokacin da Nijeriya ta doke Brazil da ci 4 da 3, sannan Ajantina da ci 3 da 2, ta ɗauki zinare a Atlanta. A wancan zamani mai talabijin kan fito da ita ƙofar gida ne, wanda duk ya zo wucewa ya tsaya.

Bahaushe ya daɗe da ɗakin tara abokai, shi ne zaure. Amma ƙofar zaure hanya take kallo, kuma sallama kaɗai ce kuɗin shigarsa. Baƙo da almajiri da maƙwabcin da ba a cika jituwa da shi ba, duk suna da haƙƙin tabarma. Ɗakin kallo kuwa yana can bayan get, ba a shigarsa sai da gayyata. Mai gida ne ke zaɓen wanda zai zo, kuma a bisa al'ada yakan zaɓi tsararsa a arziki da ra'ayi, wani lokaci har da ƙungiyar da ake goyon baya. A ganinmu a nan hasarar take, domin haƙuri da mutane ana koyonsa ne a wurin waɗanda ba mu muka zaɓe su ba.

Duk da haka, mai ɗakin yana da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Gidan kallo akwai hayaniya da ashar, akwai kuma haɗari. A 2014 bam ya tashi a wani gidan kallo a Damaturu ana tsakiyar gasar cin kofin duniya. A 2017 kuma babbar wayar lantarki ta faɗo kan wani a Kalaba, aka rasa rayuka. Ba ma ganin laifin wanda ya ce shi da abokansa za su zauna inda hankalinsu zai kwanta.

Sai kuma ita abotar. Aristotle ya kasa abota gida uku: ta amfani, da ta nishaɗi, da ta nagarta, ya kuma lura cewa biyun farko kan mutu da zarar dalilinsu ya gushe. Maza goma ne a zaune, fuskokinsu duka na kan gilashi, babu mai duban ɗan'uwansa. Idan kakar wasa ta ƙare a watan Mayu, nawa daga cikinsu ke tako ƙafa domin gaisuwa kawai? Amma a yi adalci: minti 15 ɗin nan na hutun rabin lokaci yakan fito da maganar da namiji ba ya iya faɗa ido da ido, ta bashi, ko rashin lafiyar mahaifi, ko aikin da ya kuɓuce. Wani zumuncin na gaskiya daga nan yake farawa.

Akwai kuma waɗanda ba a cika lissafawa da su ba. Farfesun da baƙi ke yabawa, wata ce ta tsaya a kansa tun la'asar, kuma ita za ta wanke kwanukan bayan an watse, alhali ba ta da mazauni a ɗakin. Yaran gida a kore su kada su tare hoto. Yaran maƙwabta kuwa suna bayan katanga, da ihun mutanen ciki suke gane an jefa ƙwallo a raga.