Kasuwar Nan Tana Buƙatar 'Ya'yanta Masu Digiri

'Yan uwana na Kasuwar Sabon Gari, masu shaguna da masu tebura, 'yan dako da masu tura baro, na san abin da ake faɗa a bakin rumfa idan an taɓo zancen jami'a: "Ɗan wane ya gama digiri, ga shi can yana jan Adaidaita Sahu." Ba ƙarya kuka yi ba. A 2022 malaman jami'a sun yi yajin aiki na wata takwas, yara suna zaune a gida. A 2023 Jami'ar Bayero ta ƙara kuɗin rijista, har sai da gwamnatin Kano ta ware naira miliyan 700 don biya wa ɗalibai 7,000. Magidancin da sai ya fito yake samun na cefane, idan ya ji wannan ya ja da baya, ba wanda zai ga laifinsa.

Amma ku tuna Fabrairun 2024, lokacin da NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna suka garƙame shagunan magani sama da dubu a Sabon Gari da kewaye, aka ce a koma Dangwauro, kan titin Zariya. Masu shagunan mutane ne da suka tsufa a sana'ar, ko a duhu suka taɓa kwali sun san abin da ke ciki. To, ranar da doka ta sauko, maganar wa aka saurara? Ta mai lasisin harhaɗa magani, da ta lauyan da zai tsaya gaban alƙali. Me zai hana waɗannan su zama 'ya'yan da guminku ya raina? Haka bayan gobarar Maris ɗin 2016, wadda ta cinye dubban shaguna: injiniyan da zai gyara wayoyin lantarki da akantan da zai tantance asara, duk kasuwa ta buƙace su.

Kuskuren da aka daɗe ana yi shi ne tura yaro jami'a don ya dawo ya jira aikin gwamnati. Gidan Dantata sun gaji kasuwanci kaka da kakanni, duk da haka jikansu Aliko Dangote sai da ya je Jami'ar Azhar a Masar, sannan ya dawo kasuwa. Ku tura naku su karanto lissafin kuɗi, da shari'a, da harhaɗa magani, da kwamfuta, a lokacin hutu kuma su zauna a rumfa su koyi ciniki. Kada a bar 'ya'ya mata a baya, don Allah.

Kuɗin fa? Nauyi ne, amma kun ɗauki wanda ya fi shi. Wanda ya tashi daga toka ya sake haɗa jari ba kuɗin rijista ne zai kayar da shi ba. Tun 2024 akwai lamunin NELFUND marar ruwa ga ɗaliban makarantun gwamnati. Ga Jami'ar Northwest a cikin gari, ga ta Wudil, ga jami'ar karatu daga gida ta NOUN ga wanda ba zai iya barin shago ba. A buɗe adashin karatu kamar yadda ake buɗe na jari.

Kai kuma Alhaji, yaron shagonka da ke leƙa littafi idan ciniki ya lafa, kira shi yau ka tambaye shi ko ya cike JAMB. In bai cike ba, biya masa, ka kuma ɗaga masa ƙafa ranakun darasi.