Kunya Ce, Ko Girman Kai?

Da yawa daga cikinmu muna da littafin da ba wanda ya san da shi. Yana kwance cikin waya ko a ƙasan akwati, babi uku ko huɗu, shekara da shekaru. In an tambaye mu, sai mu ce kuɗin ɗab'i ne babu. Takarda ta yi tsada, ba musu. Amma wanda ya kasa tura wa amininsa babi ɗaya ta WhatsApp, ai ba kuɗi ne ya riƙe masa hannu ba.

Sunan da muka fi son ba abin shi ne kunya. "Ni wane ne da zan yi littafi bayan su Abubakar Imam?" Maganar tana kama da tawali'u, shi ya sa take da daɗin faɗa. To amma Imam ɗin yana da wajen shekara 22, yana koyarwa a Katsina, ya shiga gasar 1933 da ta haifar da Ruwan Bagaja, kuma babu wani ƙagaggen labari na Hausar boko a gabansa da zai dafa. Mai tawali'u na gaske ya san aikinsa da giɓi, sai ya miƙa a gyara masa. Wanda ya ɓoye don kada a ga giɓin, martabarsa yake gadi, kuma wannan ya fi kusa da girman kai, ko da kansa a sunkuye yake.

Akwai kuma tsoron da bai kamata mu raina ba. Mace ta rubuta labarin kishi ko saki, sai dangin miji su ce asirin gidansu ta tona. Marubutan soyayya na Kano sun sha zargin ɓata tarbiyya, har a 2007 aka ƙone wasu littattafai a bainar jama'a. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana yarinya, cikin irin wannan surutu ta yi rubutunta. Ta fitar da Alhaki Kuykuyo Ne a 1990, aka fassara shi zuwa Turanci a 2012. Masu suka ba su yi shiru ba kafin ta ɗauki biro.

A ganinmu tambayoyi biyu ne suke cuɗewa a zuciya. "Me za a ce da ni?" ba ta ƙarewa, don bakin mutane ba ya rufuwa, ko an buga ko ba a buga ba. "Wa zan cutar?" kuwa haƙƙi ce, dole a tsaya a amsa ta. Idan maƙwabciya za ta gane kanta a shafi na goma, sai a sauya suna da gari da sana'ar mijinta, a cire sirrin da aka ba mu amana, sannan a ba wani mai faɗin gaskiya ya karanta kafin a kai maɗaba'a.