Wanda ya karɓi yatsanka, me ya ɗauka a wuyansa?



Kowa a Damargu ya san dangwale. Shi ne a shafa wa babban yatsan mutum tawada, ya danna a ƙasan takarda, don bai iya rubuta sunansa ba. Da dangwale iyayenmu suka karɓi bashin iri, da shi suka shaida cinikin gona. Mu malaman yaƙi da jahilci, abin da muke fara koya wa ɗalibi shi ne rubuta sunansa, domin ran da aka miƙo masa tawada ya ce a ba shi alƙalami.

To, ga shi zamani ya juyo. Yau na'ura ce ke neman yatsa, kuma ba ruwanta da ko ka yi lakkol ko ba ka yi ba. Gilashi ne ake aza yatsu a kansa, kwamfuta ta ɗauki zanensu, ta haɗa da hoton fuska, ta ajiye. A Saudiyya ba a ba baƙo takardar zama da ake kira iƙama, ba a kuma sabunta ta, sai an ɗauki zanen yatsunsa. A shekarar 2019 Nijeriya ta buɗe rajistar baƙin da za su wuce kwana 90 a ƙasar, ita ma da yatsu da hoto. Wannan magana ta shafe mu, domin in an gama girbi samarin Tanut da Balbeji da Gangara kan kama hanya: wasu Kano, wasu su bi ta Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya.

Tambayarmu ita ce: daidai ne a ce da mutumin da ya zo neman halalinsa, ba za ka yi aiki ba sai ka ba da yatsunka?

Mu fara da hujjar hukuma, don tana da ƙarfi. Mai gida yana da ikon sanin wanda ya kwana a zaurensa. Suna kuwa ba ya isa. A garinmu kaɗai Musa ɗan Abdu nawa ne? Takarda tana ɓata, tana jiƙewa, ana sayar da ita. Zanen yatsa kuwa ko tagwaye kowa da nasa. Shi kansa ɗan ci-rani yana da riba a ciki: wani ba zai karɓi ladarsa da sunansa ba, kuma in ajali ya same shi a nesa, ana iya gane ko shi wane ne a sanar da danginsa. Uwaye nawa ke zaune a karkararmu, ba su san ko ɗansu yana raye ba?

Amma tarihin abin yana da tabo. A 1858, a ƙasar Indiya, wani Baturen mulki ɗan Ingila mai suna William Herschel ya sa wani ɗan kwangila ya danna tafin hannunsa a kan yarjejeniya, don kada ya yi musu daga baya. Bature ya sa hannu da alƙalami, talaka ya sa da jikinsa. A 1907, a yankin Transvaal na Afirka ta Kudu, aka yi doka cewa Indiyawan da ke zaune can sai sun ba da yatsu goma, kamar yadda ake yi wa ɓarayi. Gandhi ya jagoranci ƙin wannan doka har aka ɗaure shi. Ku lura da abin da ya biyo baya. A farkon 1908 ya sasanta da Janar Smuts, ya ba da yatsunsa da yardar kansa, bisa fahimtar cewa za a soke dokar tilas ɗin. Da aka ƙi sokewa, a watan Agusta na wannan shekara Indiyawa suka taru a gaban wani masallaci a Johannesburg suka ƙone takardunsu.

Ashe yatsa bai dame su ba kamar yadda tilas da saɓa alkawari suka dame su. A nan amsar tambayarmu take.

Dangwale alkawari ne, alkawari kuwa mutum biyu yake ɗaurewa. Ɗan ci-rani ya ba da abin da ba zai iya karɓowa ba. Wanda ya ɓatar da makulli yana sake wani, amma ba mai sake yatsa. Saboda haka hukumar da ta karɓa ta ɗauki kaya uku a wuyanta.

Na farko, ta san mutumin nan ran da aka cuce shi, kamar yadda za ta san shi ran da ya yi laifi. In na'ura tana iya gano shi cikin ƙiftawar ido don a kore shi, to ta gano shi ran da uban gidansa ya hana shi ladar wata uku, ko ya faɗo daga bene. A kuma rubuta mai ba da aikin kamar yadda aka rubuta mai yin aikin.

Na biyu, ta faɗa masa da harshen da yake ji inda za a ajiye zanen, da wanda zai gani, da tsawon lokacin. Yarda cikin duhu ba ta da bambanci da tilas.

Na uku, ta bar ƙofa ga wanda na'ura ta ƙi. Siminti da ƙotar hauya da igiyar rijiya suna cinye zanen yatsa. Sai ka ga hannun da ya fi kowa aiki shi ne gilashin ya kasa karantawa. Haka kuturu, haka wanda inji ya datse wa yatsa. Kuma in kuɗin rajista ya fi ƙarfin talaka, ko ofishin yana can babban birni, dokar da kanta ce ke tura shi ɓarauniyar hanya. Ƙarshenta a sauke shi a sahara kusa da iyaka, ya taka kilomita 15 zuwa Asamaka, kamar yadda ake yi wa waɗanda aka koro daga Aljeriya.

Wannan ma'auni ba na ƙasashen waje kaɗai ba ne. Matatar mai ta Soraz, wadda aka buɗe a watan Nuwamba na 2011, a cikin gundumar Tanut take, kuma ƴan Sin sun zo aiki a cikinta. A kasuwanninmu akwai maƙera da masu ɗinki da direbobi daga ƙasashen maƙwabta. Dokar aiki ta Nijar ita ma ta ce sai hukuma ta amince da yarjejeniyar aikin baƙo. Mudun da muke so a auna wa ɗanmu a Sabha da shi, da shi za mu auna wa ɗan wani a Tanut.

Wani zai ce: tun da mai karatu da marar karatu duk yatsa za su aza, ina amfanin zuwa aji da dare? Amfanin ma yanzu ya ƙaru. Yatsa yana shaida cewa kai ne, amma bai san abin da aka rubuta a saman takardar ba. Nawa ne ladar? Wata nawa ne? Yaushe takardar za ta mutu? Wa zai riƙe fasfo? Wanda ya iya karatu da lissafi shi ke duba waɗannan. Wanda bai iya ba, ya nemi amintacce ya karanta masa, ya kuma riƙe kofi ɗaya a gida. Rigakafi ya fi magani.

Don haka, ɗan'uwa, in an nemi yatsanka bisa ƙa'ida, ka bayar, ba abin kunya ba ne. Amma ka tambayi abin da aka ɗaukar maka a madadinsa, ka kuma ji amsa tukuna. Ku tattauna wannan a ajinku, musamman da waɗanda suka je suka dawo. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya maido su da alheri.